Tinni da Garin Mata Ɗari Tara

A Sorko Kwara, can bakin kogi, an yi wani mutum ana ce masa Tinni. Gwauro ne, matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa mata duk sun yi aure sun tafi. Ba ya su, ba ya noman shinkafa, wai bayansa ba ya son sanyin ruwa. Aikinsa ɗaya ne, zama a gindin mangwaron da ke mashigar kwale-kwale yana gaya wa mutane abin da ba su tambaye shi ba. Shekarar da aka yi ƙidayar jama'a shi ya riƙe wa ma'aikata jaka yana nuna musu gidaje, tun daga nan ya ɗauki kansa ɗan gwamnati.

Zana ce kawai ta raba gidansa da na Dommo, wata bazawara mai soya kifi. Kullum da yamma sai ta miƙo masa kwano ta saman zanar, ya ci ya side, ya mayar ko ɗauraya babu. Duk gari an san mace ba ta ciyar da ƙato shekara da shekaru haka kawai. Shi ma Tinni ya sani, amma ya ga tunda abinci na zuwa, gaggawar me ake yi.

Rannan Dommo ta miƙo kwano, amma ba ta sake shi ba.

"Tinni, Barkire mai kwale-kwale ya aika manya wurin yayana," in ji ta. "Yaya ya ce zai ba su amsa ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. In kana da magana, ka aika kafin nan."

"Barkire? Mai kunnuwan nan kamar filafili?"

"Kunnuwan nasa suna jin magana. Ni dai na gaya maka."

Ta saki kwanon. Tinni ya ci kifinsa, ya ce a ransa gobe ko jibi zai aika.

Washegari ya je ofishin magajin gari karɓar katinsa na ɗan ƙasa. Yana zaune a benci sai ya ji wata ma'aikaciyar lafiya tana tambayar yawan yaran kowane ƙauye, akawu kuma yana duba na'ura yana karanta mata. Tinni ya matso har gemunsa na taɓa kafaɗar akawun.

"Wannan ƙidayarmu ce?"

"Ita ce, Baba."

"Kowa ya tambaya ana ba shi?"

"Ta kowa ce. Ai don a yi amfani da ita aka yi ta."

"To karanto mini garuruwa, maza nawa, mata nawa. Ni na ɗauki jakar da aka zuba lissafin nan, ya kamata in ga yadda ya nuna."

Akawu mutum ne mai haƙuri. Ya yi ta karantowa, gari bayan gari, maza da mata kusan kai ɗaya. Da ya zo kan wani ƙauyen tudu mai suna Tondi Fandu, sai ya ce mata ɗari tara da 'yan kai, maza ɗari uku.

"Sake faɗa," in ji Tinni.

Ya sake faɗa, ya ƙara da cewa, "Ka san garuruwan tudu, mazansu..."

"Rubuta mini kawai, ɗana. Bayani ni ke yi wa mutane."

Ya cusa takardar cikin hula, ya fita, katin da ya zo karɓa ma ya manta da shi.

Kafin la'asar ya tara jama'a a gindin mangwaro. Ya zana layuka a ƙasa da tsinke, ya cire ɗari uku daga ɗari tara, ya ce ga shi nan, mata ɗari shida suna zaune babu mai ce musu sannu. Namiji irinsa in ya shiga garin nan, sai dai maigari ya sa dogari ya raba faɗa.

Ide na wurin, ɗan ƙanwar uban Tinni, taubashinsa ke nan, wanda tun suna yara ba ya raga masa.

"Bawana," in ji Ide, "mazan Tondi Fandu suna kurmi. Da an gama girbi suke tafiya, wasu Kumasi, wasu Kwatano, wani sai ya shekara biyu bai leƙo ba."

"Takarda ta ce kurmi?"

"Takarda ba ta da baki."

"Gwamnati ta shiga gida gida. Da akwai su, da ta gan su."

"Ta ina za ta gan su suna Kumasi?"

"Kun ji ko? Shi da bakinsa ya ce babu su."

Wani masunci da ke ɗinkin koma ya ce, "Dommo fa?"

"Dommo mace ɗaya ce. Ana maganar ɗari shida kana kawo mini ɗaya."

Ide ya ce to shi ma zai je, ko don ya riƙe wa bawansa takalmi in an fara gudu.

Ranar Litinin suka shiga motar kasuwa. Tinni ya sa babbar rigarsa shuɗiya, ya zuba turare har direba ya buɗe gilashi, ya ɗora tabarau wanda ba ya ƙara masa gani. Inda mota ta ƙare suka hau amalanke, suka yi ta ratsa duwatsu da sabara har suka iso.

A bakin gari akwai rijiya, mata sun kewaye ta. Da suka hango su sai jan ruwa ya tsaya. Wata ta ce, "Maza ne." Wata ta ce, "Manya ma kuwa, har biyu." Sai suka watsar da tuluna suka ruga cikin gari.

"Sun gudu," in ji Ide.

"Kwalliya suka tafi yi."

Ba a jima ba suka dawo, kowace da kaza a hannu, wata da zakara, wata da zabi biyu. Suka yi layi tun daga rijiya har ƙofar maigari. Tinni ya dubi Ide ta saman tabarau.

"Ko zama ban yi ba an fara kawo kaji."

Abin da ke akwai shi ne, mace ba ta yanka, kowa ya san wannan. Mazan da suka rage a garin kuwa daga 'yan yara sai tsofaffi. Liman yana kwance da ciwon ƙafa da na ido. Maigari Hinsa hannunsa rawa yake yi, yankan da ya yi na ƙarshe babban yatsansa ya samu, zakaran ya tashi ya tafi abinsa. Garin ya daɗe bai ga romo ba, zakaru har sun tsufa sun yi ƙaho a ƙafa.

Aka miƙa wa Tinni wuƙa. Ide ya ce shi jini na sa shi jiri, ya nemi inuwa ya zauna. Tinni ya naɗe hannun riga ya dinga bisimilla yana yankawa. Wani tsohon zakara ya shure shi a haɓa, wata zabuwa ta kufce ya bi ta har cikin ƙaya. Kafin magariba shuɗiyar riga ta koma wata kala, amma ko'ina a garin ƙamshi ke tashi, kwanuka suka yi ta zuwa masaukinsu a zauren maigari. Ide ya ci har ya kwance tazuge.

Wadda ta kawo musu ruwan wanka wata doguwa ce mai wushirya, sunanta Gambi. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Tinni ya bi ta da kallo har ta shige.

"Wannan ce ta fari," in ji shi.

"Baba ta ce maka."

"Kunya ce. Ka taɓa jin macen kirki ta kama sunan mijinta? Ta fara tun yanzu."

Da safe aka ce guga uku sun faɗa rijiya tun watan jiya, babu mai shiga. Tinni ya bugi ƙirji ya ce shi ɗan kogi ne, a cikin ruwa aka yanke masa cibi. Ciwon bayan nan da ya hana shi su shekara da shekaru ko ambatonsa bai yi ba. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, ɗaya bakin aka ɗaura wa jaki. Saukarsa lafiya, ya tsinto guga ya yi kira a ja. Jaki ya ja shi zuwa rabi, ya ga ciyawa ya tsaya. Tinni na lilo a tsakiyar rijiya yana kiran sunayen Allah, mata na lallashin jaki. Da lallashi ya ƙi, wata tsohuwa ta ɗauko muciya ta sauke masa a gindi. Jaki ya zabura, Tinni ya fito kamar an harbo shi, goshinsa ya gaisa da itacen bakin rijiya, aka ja shi a cikin taɓo har wajen turken shanu.

Tsohuwar ta zo ta matsa damtsensa, ta juya ta ce wa sauran, "Da sauran ƙarfinsa. Kada a bari ya tafi."

Tinni na kwance a taɓo ya ɗago kai ya nemi Ide. "Ka ji da kunnenka?"

"Na ji. Amma bawana, ka lura kusan kowace da goyo a baya?"

"Marayu ne."

"Duka? Har wancan da bai yi arba'in ba?"

"Shi ya sa nake tausayinsu."

A tsakiyar garin akwai wata bishiyar aduwa, nan kaɗai layin waya yake kamawa, saboda haka matan suke rataye wayoyinsu a rassanta cikin 'yan jakunkunan tsumma. Kullum da yamma Ide zai je gindinta ya aika saƙon murya gida, yana ba da labarin abin da ya sami Tinni. A Sorko Kwara kuwa har an daina fita su da wuri, ana taruwa a gindin mangwaro a saurara. Dommo na gefe tana suyarta.

Ranar Laraba Gambi ta ce iska ta karkatar da hular rumbunta, ga damina na matsowa. Tinni bai bari ta rufe baki ba ya nemi tsani. Ya hau yana gaya wa matan da ke ƙasa cewa a garinsu shi ake kira in rufin masallaci ya lalace. Ya sa kafaɗa ya ɗaga hular, ashe rina sun yi gida a ciki. Abin da aka gani daga ƙasa shi ne hannuwa na fifita iska, sai kuma ƙafafu biyu a sama, sauran mutumin ya shige cikin gero. Mata huɗu suka kama ƙafafun suka ja. Abin da ya sami wandonsa a wannan ja ba na faɗa ba ne. An dai rufa masa zane, aka shafa masa toka da man shanu a fuska.

"Zanen wa aka rufa mini?" ya tambayi Ide, leɓensa ya kumbura har maganar ba ta fita sosai.

"Na Gambi."

Tinni ya lumshe idon da ya rage masa.

Ranar Alhamis Ide ya zauna kusa da shi, wannan karon ba da wasa ba.

"Tinni, gobe Juma'a. Akwai amalanken da zai fita yau ya riski mota. In ba za ka iya tafiya ba, ka ce in kira yayan Dommo in ce ka aiko ni. Kalma ɗaya ce. Matar nan ta ciyar da kai tun gemunka na baƙi."

Tinni ya tuna kifin nan mai yaji, da yadda take cire masa ƙaya in ta ga haƙorinsa na ciwo. Har ya buɗe baki, sai ga sallamar Gambi. Ta durƙusa ta ce gobe sunan ɗan ƙanwarta, ga rago an tanada, ba su da wanda zai tsaya musu a matsayin uba ya yanka.

Da ta fita Tinni ya ce, "Uba. Ka ji inda magana ta kai. Dommo ta jira, ai ba ƙaura za ta yi ba."

Ide ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya fita.

Safiyar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi a gindin aduwa. An ɗauko liman a kan kujera, Maigari Hinsa na gefensa da sandarsa, mata sun cika fili har bayan danga. Ragon ya tunkuyi Tinni sau ɗaya a gwiwa kafin ya kwanta, amma an yanka, aka raɗa suna, aka shafa fatiha. Ana shirin raba goro sai Tinni ya miƙe, fuska kamar ƙullin ƙosai, ya ciro takarda daga hula ya ɗaga ta sama.

"Maigari, liman, jama'ar Tondi Fandu. Gwamnati ta nuna mini halin da kuke ciki. Mata ɗari tara, maza ɗari uku. Da na gani ban iya barci ba. Na baro garina, na baro masu sona, na zo in share muku hawaye. Ba zan iya ɗauke ku duka ba, addini ya tsayar da ni a huɗu, saboda haka kada wadda ta ji haushi. Zan fara da Gambi."

Wata ta sa bakin zane ta toshe bakinta, kafaɗunta na rawa.

Maigari Hinsa ya karkato kunne. "Me baƙon ya ce?"

Aka ɗaga murya aka ce masa, "Wai Gambi yake so da aure."

"Wace Gambi?"

"Surukarka."

"A'a," in ji tsohon, "ai tana da miji. Seyni. Ni na haife shi."

"Ba ya cikin takarda," in ji Tinni.

"Yana Kumasi yana sayar da albasa. Ko an hana?"

Tinni ya juya wajen matan. "To wacce ba ta da miji a cikinku ta ɗaga hannu."

Hannu ɗaya ya tashi, na tsohuwar nan mai muciya. "Ga ni, ɗan nan. Nawa ya rasu tun shekarar fari. In ka shirya, na shirya."

Nan dariyar ta ɓalle, har liman sai da aka riƙe masa kujera. Ana cikin haka waya ɗaya ta yi ƙara a saman aduwa. Uban jariri ne daga Kwatano yana son jin sunan ɗansa. Kafin a sauko da ita wata ta ɗauka, sai wata, sai wata, don duk mazan garin sun san yau suna, kowa na son yin barka. Bishiya ta rikice da kiɗe-kiɗe kamar tsuntsaye sun sauka. Mata suka yi ta tsinko wayoyi, kowace ta gama gaisawa sai ta ba mijinta labari tana share hawayen dariya. Daga nan suka yi layi a gaban Tinni.

"Baba, ga maigidana zai yi maka godiyar zakara."

"Baba, ga namu, na guga."

Gambi ta zo ƙarshe, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

"Baba Tinni," in ji Seyni daga Kumasi, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa, "mun ji irin alherin da kake yi mana, Allah ya saka. An ce kuma kana son matata. Ba laifinka ba ne, ni ma haka ta yi mini. Don Allah kafin ka tafi ka duba mini ƙofar garken awaki, ta daɗe tana cijewa."

Tinni ya mayar da takarda cikin hula a hankali. Ya matsa kusa da Ide ya yi ƙasa da murya.

"Yau wace rana?"

"Juma'a, bawana. Tun asuba."

"Kira yayan Dommo."

Ide ya kira. Aka ce ya tafi masallaci ya bar wayar a gida. Amalanke kuwa babu sai gobe. Tinni ya ce zai tafi da ƙafa, ya kai bakin rijiya gwiwar da rago ya tunkuya ta ƙi, aka dawo da shi a kan jakin nan dai. Tunda ya kwana, ƙofar garken ma sai da ya gyara.

Da suka iso Sorko Kwara, duk gindin mangwaro ya miƙe tsaye ana yi masa barka da zuwa, ana leƙa bayansa ana tambaya ko amaren suna mota ta biyu. Bai kula kowa ba, ya wuce gida yana ɗingishi, ya tsaya a jikin zana.

"Dommo."

"Na'am. An dawo? Ya mutanen tudu?"

"Dommo, aikin gwamnati ne ya riƙe ni. Yanzu zan aika wurin yaya."

"An ba Barkire jiya."

"A warware mana. Ni da ke ai ba a yi haka ba."

Ta juya kifi a kasko, yana jin ƙarar mai. Sannan ta ce, "Takardar nan taka, ni ina cikinta?"

"Kina ciki mana. Kowa an ƙidaya shi."

"To ka neme ni a can."

Sati na zagayowa aka ɗaura aure. Tinni ya ce ba zai je ba, amma da ya ji ƙamshin shinkafa sai ga shi a bakin taro, wai wucewa yake yi. Barkire da kansa ya ratso jama'a, yana jan wani farin rago, ya miƙa masa wuƙa da hannu biyu.

"Tinni, an ce yanzu duk ƙasar nan babu mai hannunka. Ka taimaka mana."

Mutane suka zuba masa ido. Tinni ya dubi wuƙar, ya dubi ragon, ya gwada kaifinta a farcensa. Sai ya naɗe hannun riga.

"Ku matsa ku ba ni wuri. Kai Ide, kama ƙafafun baya da kyau. Ba haka ake kwantar da rago ba, ku mutanen kogi in ba kifi ba babu abin da kuka sani."

Yankan kuwa ya yi kyau, wannan ba a ƙwace masa ba.